Ruwan da Ya Yi Sanyi da Azahar

Shanu biyar suka faɗi a rugar Wakili, can gefen Ngaski, bayan sun sha ruwan kanwa a rabin duron ƙarfe. An samu an yanka huɗu, ta biyar ta riga wuƙa.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ce, ofishin 'yan sanda ko motar kirki babu. A kan babur Sufeto Jabiru ya iso, ya tarar samarin ruga sun riƙe maƙwabcinsu Andarawus, manomin shinkafa, wanda saukarsa ke nan daga jirgin ruwa na kasuwar Yelwa. Da ƙyar ya ƙwace shi.

Malamin dabbobi ya duba tumbin mushen, ya toshe hanci. "Takin zamani ne, yuriya. A ruwa aka zuba musu."

"Wa ad da taki nan in ba shi ba?" in ji Gado mahauci, wanda ya zo da jakinsa da wuƙaƙensa ya sayi naman a arha. "Ko watan jiya sun yi faɗa da Wakili bisa burtali."

Wakili, dattijo mai shanun, ya ja Sufeto gefe. "Ranka shi daɗe, in rana ta faɗi gobe ba a yi mini hukunci ba, ba ni iya riƙe yaran ga. Rumbunanshi za su sha wuta."

Sufeto ya ƙudura a ransa ba rumbun da zai ƙone a yankinsa.

A ofis ya zaunar da Andarawus. "Kana da yuriya?"

"Ko ƙwaya, yallaɓai."

Sufeto ya janyo rabin buhun takin da aka samo a bayan rumbun manomin. Andarawus ya sunkuyar da kai.

"Tsoro na ji. Nawa na, amma tun asuba nis shiga jirgi. A tambayi kowa."

Kowa kuwa ya shaida. Sai dai wannan bai wanke shi ba, don tun daren jiya aka cika duron. Yana iya zubawa kafin ya tafi.

Washegari Sufeto ya koma ruga wurin Hansatu, matar Wakili, wadda ke kula da duron.

"Inna, ba ki ga komai a ruwan ba?"

"Mi zan gani, ɗana? Ruwa garau. Da azahar na tashi na yi salla, na dawo na sa hannu in motsa kanwa." Ta rage murya. "Sai dai abu guda, kada ka yi mini dariya. Sanyi nij ji, kamar ruwan sabuwar randa. Na ce ko mutanen ɓoye na."

Sufeto ya taɓa duron. Ƙarfen ya kusa ɗauke masa fatar yatsa, ga shi ko hantsi bai gama ba.

Bai yarda da aljanu a fayil ba. Ya koma ofis ya jera kofuna, yana barbaɗa musu abu yana motsawa da biro, kurata na leƙe suna cewa yau oga shayi zai sayar. Sukari ya narke, ruwa na nan yadda yake. Gishiri ma kusan haka. Da ya zuba takin, ya ɓace bai bar alama ba, sai kofin ya yi sanyi ƙarara a tafinsa. Ashe shi wannan abu, in zai narke, zafin ruwan yake zuƙewa.

Ya kai kofin rana, ya tsaya a kansa. Ba a jima ba sanyin ya gudu. Farin ciki ya kama shi, har ya buga tebur. Sanyin da Hansatu ta ji ba na asuba ba ne. Lokacin da take salla aka zuba takin, Andarawus kuwa yana Yelwa.

Da la'asar ya tara Wakili da Gado a ofis, samarin ruga na waje da sanduna.

"Gado, me ya kai ka ruga ranar nan?"

"Wucewa nikai, sai nij ji kuka."

"Wucewa zuwa ina? Bayan rugar ai sai tafki."

"Kifi za ni saye."

"Da wuƙaƙe wasassu da jaki? Mene ne a mangalar jakin?"

"Gishirin fata na, yallaɓai."

Sufeto ya sa aka kawo mangalar, ya kakkaɓe kusurwarta a kan takarda. Fararen ƙwayoyi suka zubo, kusan cikin tafi. Ya miƙa wa Wakili kofin ruwa.

"Baba, riƙe da hannu biyu."

Sufeto ya zuba ƙwayoyin a ciki, ya motsa. Fuskar dattijon ta canza.

"Sanyi! Wallahi abin da tsohuwa taf faɗi ke nan!"

"Gishiri ba ya haka, Gado. Na gwada."

Gado ya dubi ƙofa, ya ga kurtu a tsaye.

"Guda ɗaya nis so ta faɗi, in samu na kasuwa. Ban san duk za su sha ba." Ya share gumi. "Da nig ga sun yi yawa, sai nik kira sunan Andarawus."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta ƙofar baya. Sufeto da kansa ya fita ya sallami samarin.

Andarawus ya fito daga bayan kanta, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Yallaɓai, takina fa? Damina na tafe."

Ya duƙa zai ɗauka, Wakili ya riga shi. Dattijon ya ɗora buhun a kansa, idonsa ya yi ja.

"Wuce gaba," ya ce. "Ni ka kai maka shi har bakin rumbu."