Rakiya a Hawan Potosí

Damina ta ɗauke, an fara haƙar dankali, sai wata dattijuwa, Doña Eulalia, ta hau mota zuwa Potosí, garin haƙar ma'adinai da ke can kan tsaunuka, don ta kwaso kayan ɗanta Severino, wanda ramin ma'adinai ya rufta da shi, ko gawarsa ba a samu ba.

Da magariba tana hawan wani siririn lungu da ƙunshin kayan a bayanta, numfashi na sarƙe mata, sai ta ji an ɗage nauyin.

"Kawo in taya ki, Iya," in ji wata murya a dishe. "Garin nan ba ya tausayin baƙo."

Ba ta waiwaya ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya lulluɓe ta. Su biyu ke tafiya, amma takunta kaɗai take ji a kan duwatsu.

"Allah ya yi maka albarka, yaro. Kai ma a ramin kake aiki?"

"A can nake."

A ƙofar masaukinta ya sauke kayan a hankali.

"Mama," ya ce, "ki daina rage mini miyar gyaɗa a tukunya. Ki ci abinki, duk kin rame."

Duk duniya ba wanda ya san tana yin haka.