Injin Motar Taufiq

Wata uku da rasuwar ƙanena Taufiq a wasan motar biki, na kai jar motarsa garejin Zadok a Dubeli. Totur ya taka har injin ya buga, motar ta ƙwace masa. Kowa sai ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai cewa a daina wannan haukan. Na rantse sai na gyara ta na sayar, kada Inna ta ƙara ganin ta.

Ranar da muka sauke injin muka sa masa sababbin fistin, Zadok ya tafi coci da magariba ya bar ni. Sai ga mutum tsaye bayan motar, yana warin ƙonannen baƙin mai.

"Hamma, kar ka sayar," ya ce, yadda ƙane ke kiran yayansa a gidanmu, muryar kamar daga cikin tanki.

"Wane ne?"

Na dafa injin da ke kan benci, ko mai ba a zuba masa ba. Ya ƙona mini hannu.

Na dubi ƙafar mutumin ta dama. Tana danna ƙasa tana ɗagawa, sau uku, yadda Taufiq ke yi kafin ya kashe mota a ƙofar gidanmu.