Layi Ɗaya a Kan Kuskure

Gyaran benci ne ya kai Kafinta makarantar manya, ba neman aure ba. An ce masa benci shida sun karye a ajin ƙarshe, ya shiga da jakar kayan aiki da ƙusoshi uku a baki, ya durƙusa can baya ya hau bugu, bai ma kula ana darasi ba.

"Malam kafinta, don Allah a ɗan sassauta mana. Gudumarka ta fi muryata."

Ya ɗago. Wata budurwa ce tsaye gaban allo, siririya, alli ya ɓata mata hannun riga, tana kallonsa ta saman tabarau. A gabanta magidanta da matan aure kusan ashirin, kowa da littafinsa. Da ya ba da haƙuri kawai da an wuce wurin. Amma ya ga ajin Turanci ne, zuciya ta zuga shi ya nuna shi ma ya taɓa zama a aji.

"Between you and I, madam, aikin minti goma ne."

Jin ya sa "I" inda "me" ta dace, gefen bakinta ya ɗan motsa, amma ba ta yi dariya ba. Ɗalibanta ma da suka fara murmushi, kallo ɗaya ta yi musu suka haɗiye. Wannan rashin dariyar ne ya kama Kafinta.

Yana da dalili. Tun yana aji huɗu a firamare ya taɓa cewa "me and my brother", malaminsu ya ɗora shi kan tebur, ya sa aji suka yi ta maimaita masa suna tafi. Daga ranar ya tsani kalmar "me" kamar maƙiyiya. Duk inda ya gan ta sai ya tsige ta ya dasa "I", ko wurin ya dace ko bai dace ba. A ganinsa haka masu ilimi suke yi.

Minti goman nan sai da suka zama awa biyu. Washegari ya dawo da sabon littafi ya yi rajista, yana ce wa abokansa wai kamfanoni sun fara ba shi aiki, dole ya iya wasiƙa. Ba wanda ya yarda.

Malama tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa. A ranar farko take zagawa da gwangwani ta karɓe magogin kowa.

"A ajina ba a gogewa," ta ce. "In ka ga ka yi kuskure, ja masa layi ɗaya, ka rubuta gyaran a sama. Ina son in ga abin da ka fara tunani. Haka babana ya koya mini."

Littafin Kafinta ya fi na kowa layuka. Sau da yawa takan tsaya a kansa, ta sa yatsa a kan abin da ya soke.

"Wannan na farkon ai daidai ne. Me ya sa ka kashe shi?"

"Sai na ga kamar ya yi sauƙi da yawa, Malama."

"To sauƙi laifi ne?"

Wata uku ya yi yana danne abin da ke ransa, don bai ga kyan ɗalibi ya nemi malamarsa tana kan koyar da shi ba. Ranar da aka rufe aji ya ajiye mata ƙaramin akwatin alli da ya sassaƙa, mai murfi, saboda ya lura ƙurar allin tana sa ta tari. Da yamma ya tura mata saƙo.

"Malamata, na gama aji amma na kasa daina zuwa. Me ake yi wa ɗalibin da ya ƙi tafiya?"

Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar.

"Ana barinsa ya maimaita, Ɗalibina. Amma wannan karon ta ƙofar gidanmu zai shigo, ya gaida Baba."

Kafinta ya karanta ya fi sau goma, farin ciki ya hana shi kama guduma daidai ranar.

Sai dai Baban nan ba ƙaramin baba ba ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci da duba takardun jarrabawa, tsofaffin ɗalibansa har yau Jan Biro suke kiransa a bayan idonsa. Katin biki in aka kawo masa sai ya gyara shi kafin ya ce Allah ya sa alheri. Kuma yana da wanda ya ajiye wa 'yarsa a ransa: wani tsohon ɗalibinsa mai karanta labaran Turanci a rediyo, wanda kowa ke kira Mai Labarai. Shekara guda ke nan yana zarya gidan da mota da turare.

Ranar da Kafinta ya je gaisuwa, Baba ya tare shi da Turanci. Cikin minti biyar gumi ya jiƙa masa riga, "I" tana fita daga bakinsa ta ko'ina. Baba ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Yaro, ba na raina sana'a. Amma 'yata cikin littattafai ta tashi, ba na son ta zauna inda za ta rasa abokin hira. Ku biyu ne. Kowa ya rubuto mini shafi ɗaya da Turanci, ya gaya mini dalilin da zan ba shi ita. Asabar ta sama nake so."

Daga nan Kafinta ya shiga gyaran kansa, gyaran da ba wanda ya sa shi. Ya sayi kwat da bai taɓa sawa ba. Ya ajiye rediyo kan teburin aiki yana kwaikwayon muryar Mai Labarai har maƙwabta suka fara leƙowa. Saƙonninsa masu daɗi suka ɓace, manyan kalmomin ƙamus suka maye gurbinsu. Wata rana ya tura mata dogon saƙon soyayya da Turanci, wanda ya ɓata awa guda yana haɗawa. Ita kuma hannunta ya riga zuciyarta, irin na malamai, ta mayar masa da saƙon da gyara uku.

Abin ya yi masa ciwo sosai. Ya ji kansa a kan teburin nan na aji huɗu. Da yamma ya bi ta layinsu da niyyar magana, sai ya hango motar Mai Labarai a ƙofar gida, ya juya. Kwana huɗu bai kira ba, bai ɗaga nata kiran ba.

A rana ta biyar saƙonta ya shigo.

"Ɗalibina, na yi kuskure, kuma ba zan goge ba, na ja masa layi. Ka turo mini zuciyarka na duba ta kamar jarrabawa. Ka yafe mini. Amma ni ma ina da ƙara: ina mai akwatin allina ya tafi? Wannan mai kwat ɗin ban san shi ba. Motar da aka ce ka gani kuma wurin Baba take zuwa, ni ko falo ban fito ba."

Ya zauna kan tarin katako ya rubuta:

"Na yafe, Malamata. Tsoro nake ji kada a hana ni ke."

"Ni ma ina ji. Ka zo ranar Asabar kawai. Mama ta ce ka taho da kayan aikinka, teburin Baba yana rawa."

Ya rubuta wasiƙar yadda ya saba a aji, da biro, yana sokewa da layi ɗaya yana gyarawa a sama. Da ya gama ya dube ta, kamar gonar da kaji suka tona. Sai ya kwafe gyararriyar a sabuwar takarda fes. Ya sa mai tsabtar a aljihun kwat, mai layukan kuma ya cusa ta cikin jakar aiki don kada wani ya gani a shago.

Ranar Asabar da la'asar ya tarar Mai Labarai ya riga shi zama a ɗakin karatun Baba, da ambulan fari a cinya. Littattafai har rufi, wasu jibge a ƙasa. Baba yana bayan wani tsohon tebur gajere da gwiwoyinsa ke gogar ƙasansa. Da ya ɗora hannu sai teburin ya yi gefe, jan biron ya gangara.

"Ƙafa ɗaya ce ta fi tsawo, Baba," in ji Mai Labarai. "A ɗan rage ta kawai."

"Sau biyu ina ragewa da kaina," Baba ya ce. "In na rage ɗaya sai in bi sauran. Har yanzu rawa yake."

Kafinta bai san lokacin da ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙofa ba. Ya durƙusa, ya auna ƙafafun huɗu da tef, duk tsawonsu ɗaya. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya ajiye a ƙasa, fensirin ya gangara da kansa zuwa kusurwa. Ya nemi izini ya ja teburin taku biyu zuwa wajen taga. Ya danna shi ta kowane gefe, ko motsi.

"Baba, teburin nan ba shi da laifi, tun farko ma ba shi da shi. Daɓen ne ya lotsa a can. Yawan gyaran ne ya gajarta shi."

Yana rufe baki ya ji maganar ta dawo masa. Ya dubi kwat ɗin da ke rataye da takarda mai tsabta a aljihunsa. Sannan ya buɗe jakar aiki, ya zaro mai layukan, ya kakkaɓe mata garin katako, ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya fara da ta Mai Labarai. Bugun na'ura ce, ya karanta har ƙasa bai buɗe biro ba.

"Babu kuskure ko ɗaya, ka yi wa malaminka adalci. Na ga digirinka da lambobin yabonka uku. 'Yata ce dai ban gani ba a ciki."

Ya ɗauki ta Kafinta. Ya daɗe yana kallonta kafin ya fara karantawa.

"Wa ya koya maka jan layi ɗaya?"

"Malamata, Baba."

"Ni na koya mata, tana 'yar shekara shida."

Ya buɗe jan biron. Baba ya bi takardar a hankali yana ƙirgawa a fili: wuri goma sha ɗaya aka soke. A wuri tara, gyaran da ke sama ya bi ya kashe, ya sa alamar daidai a kan abin da aka fara rubutawa.

"Tara cikin sha ɗaya, na farkon ne daidai. Ka rubuta 'between her and me', ka tsorata ka sauya. Kunnenka lafiya lau, yaro. Wani ne ya taɓa ba ka kunya, ko?"

"Ina aji huɗu, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Wataƙila ya tuna yaran da shi ma ya taɓa tsayarwa gaban aji, don muryarsa ta yi laushi da ya ci gaba. Ya karanta wurin da Kafinta ya ce ya san alli yana sa ta tari, da wurin da ya ce ya tambaye ta yawan littattafanta, ɗari biyu da sittin, ya riga ya yanka katakon kantar da za ta ɗauke su, ya bar layi biyu babu komai saboda waɗanda za ta saya nan gaba.

Ya rufe biron. Ya dubi Mai Labarai ya ce masa ya yi haƙuri, shi kuwa ya tashi da mutuncinsa, ya ba Kafinta hannu ya fita. Baba ya ɗaga murya wajen labule.

"Ke da mamarki ku daina laɓe, ƙafafunku na gani tun ɗazu. Kina son sa?"

"Ina son sa, Baba," in ji Malama daga bayan labule.

"To na ba shi. Amma sai ya mayar wa teburina tsawonsa."

Mama ta fito tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Kafinta ya durƙusa zai yi godiya, Turanci da Hausa duk suka gudu suka bar shi.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan ajin manya suka cika wurin, kowa yana cewa shi ya fara gane inda gyaran bencin zai ƙare. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ɗakin karatu, ya zauna bayan teburinsa da aka yi wa sababbin ƙafafu, ya miƙa wa angon wasiƙar nan da jan rubutunta.

"Za ku saɓa wa juna, babu gidan da ba a yi. In an yi kuskure ku ja masa layi ɗaya, ku rubuta mai kyau a sama, ku wuce. Kada ku yi ta gogewa har takardar ta huje. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana."

Suka amsa da amin, ita tana kuka, shi yana riƙe da takardar kamar za a ƙwace.

Ya yi mata firam da hannunsa, ya rataye a falonsu kusa da kantar littattafai. Baƙi sukan tambaya me ya sa aka rataye takarda mai cike da soke-soke, sai amarya ta ce ita ce jarrabawar da ta fi alfahari da ita a duk aikinta.

Ran da ya koma shago bayan biki, yana ɗaga guduma wayarsa ta yi ƙara.

"Angona, ka manta fensirinka a gida. Ka dawo da wuri. Daga malamar da ba za ta taɓa sallamarka daga aji ba."

Ya rubuta mata amsa da abin da ya fara zo masa a rai, ya tura bai sake dubawa ba.