Hotunan Umma Guda Goma Sha Huɗu

Ranar da Auta ta fara hawa benen shagon kwamfutar da ke saman ɗakin ɗinkin tela, ko fuskar mai shagon ba ta kalla ba. Faifan kwamfuta ne a hannunta cikin farar ambulan ta asibiti, ta riƙe shi da hannu biyu.

Shagon ɗan ƙarami ne. Kwamfuta uku, fanka ɗaya mai ƙara, sai wayar tarho da ta bi jikin bango ta shige wani ɗan akwati mai ƙyaftawar fitilu. Saurayin da ke wurin dogo ne siriri mai tabarau, ya naɗe hannun rigarsa.

"Sannu. Saƙo zan tura wa yayana ta imel," in ji ta. "Yanzu-yanzu nake so ya tafi."

Ya karɓi faifan ya sa a kwamfuta, ya duba.

"Hotuna goma sha huɗu ne, kuma manya. Layinmu ba zai ɗauke su lokaci guda ba. Amma ina iya rage girmansu, su tafi kafin la'asar."

"A'a. Yaya ya ce kada a taɓa su. In aka rage, likita ba zai ga abin da yake nema ba."

A nan ne ya ɗago ya dube ta, ya ga idanunta sun yi ja. Bai tambaye ta hoton wane ne ba.

"To, sannu-sannu za mu bi su, ɗaya bayan ɗaya. Zai kai kwana uku."

Kwana uku. Hotunan cikin Umma ne, mahaifiyarta. Asibiti sun ce aiki za a yi mata mako mai zuwa, shi kuwa Yaya, wanda yake aikin likita a wata ƙasa mai nisa, ya ce kada a sa hannu a takarda sai babban likitan da yake aiki a ƙarƙashinsa ya gani. Baba kuma ya gargaɗe ta tun a ƙofar gida: "Maganar nan kada ta fita. Uwarki ba ta son a zo ana kallonta da idon tausayi."

Ɗan akwatin ya yi ƙugi, ya yi tsuwa, sannan wani shuɗin layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar. Minti arba'in Auta tana kallonsa. Ya kusa kai ƙarshe ke nan sai ya tsaya cak.

"Me ya faru?"

"Tela ne ya ɗaga waya a ƙasa. Layi ɗaya muke amfani da shi." Ya leƙa ta taga. "Maigida, don Allah a ɗan ajiye mana kan wayar."

"Uwar 'ya'yana ce zan kira," in ji tela daga ƙasa. "In ban kira ba kai za ka je ka yi mata bayani?"

Auta ba ta san sa'ad da dariya ta kufce mata ba, ga kuma hawaye. Saurayin ya sauka, ya yi 'yar magana da tela, ya dawo ya ce sun shirya: daga azahar zuwa la'asar layin nasu ne.

Haka suka yi yamma uku. Hoton da ya fi ƙarfin akwatin saƙon Yaya sai ya raba shi gida biyu ko uku, ya sa wa kowane yanki lamba, ya rubuta wa Yaya yadda zai haɗa su. Kafin ya tura kowanne, yakan ce ta buɗe ta tabbatar bai lalace ba, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci bango har sai ta ce ta rufe.

"Ba ka son gani ne?" ta tambaye shi a rana ta biyu.

"Ba nawa ba ne. Aikina in kai, ba in leƙa ba."

Cikin wannan jira suka san juna. Ta gaya masa tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ita ce ƙaramar gidansu, Baba tsohon shugaban makaranta ne wanda har yanzu yake gyara wa mutane nahawu a tsakiyar hira. Shi ya ce mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi, kuma ya koyi kwamfuta ne ta hanyar lalata guda biyu. Duk bayan minti biyar sai ta ce, "Ya kusa?" Shi kuma ya ce, "Sannu-sannu." Kafin hoto na goma sha huɗu ya tafi, ya raɗa mata suna Mai Gaggawa, ita kuma tana kiransa Sannu-Sannu.

Amsar Yaya ta zo bayan kwana biyu. Aikin dole ne, amma ba babban da aka tsorata su da shi ba, an gano abin da wuri. Auta ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Da za ta fita daga shagon, saurayin ya rubuta lambar wayarsa ta hannu a bayan ambulan ɗin.

"Ko da Yaya zai buƙaci wani abu," in ji shi.

Yaya bai buƙaci komai ba. Amma ranar da aka fito da Umma daga ɗakin tiyata, saurayin ta fara rubuta wa.

"An yi lafiya. Ta buɗe ido, har ta yi mini faɗa a kan ɗankwalina. Na gode, Sannu-Sannu."

"Alhamdu lillahi. Yau ban iya aikin komai ba, ina ta duban waya. Ki ci abinci, Mai Gaggawa, na san ba ki ci ba."

Daga nan saƙonni suka zama na kullum. Wata safiya ta tashi ta tarar da wannan:

"Na rubuta saƙon nan sau huɗu ina gogewa. Kujerar da kike zama, ban ƙara son kowa ya zauna a kanta ba. In kin yarda, ina so yayata ta san da ke."

Ta ajiye wayar, ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka, sannan ta amsa:

"Yau ni ce na yi sannu-sannu. Na yarda."

Ana cikin haka maganar ciwon Umma ta fita. Mata suka fara sallama biyu-biyu, uku-uku, suna zama a gefen gado suna girgiza kai. Wata har ta ce ta ji an ce ciwon ba ya warkewa. Bayan sun tafi Umma ta juya fuskarta bango, ta ƙi cin abinci.

Baba ya kira Auta falo.

"Ban da likitoci, mu huɗu muka san maganar nan. Na biyar shi ne yaron da kika kai wa faifai. Yanzu kuma ina jin wai shi ne yake son zuwa gidana."

"Baba, ko kallon hotunan bai yi ba."

"A gabanki. Bayan kin tafi fa? Shago ne, kowa shiga yake yi. Wanda bai iya riƙe sirrin uwarki ba, ba zan ba shi ke ba. Magana ta ƙare."

Ta so ta yi musu, amma tambayar ta zauna mata a rai. Bayan ta tafi fa? Faifan ya kwana biyu a aljihun teburinsa. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa:

"Duk unguwa ta san ciwon Umma. Kai kaɗai na ba wa faifan nan. Kada ka ƙara nemana."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Ban buɗe ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, ko yayata. Na goge komai daga kwamfutar ranar da amsa ta zo. Ba ni da shaidar da zan nuna miki. Zan bar ki kamar yadda kika ce. Allah ya ba Umma lafiya."

Ya kuwa bar ta. Mako uku wayarta ba ta kawo sunansa ba.

A makonnin nan ne mai kantin maganin da ke bakin titi ya fara zarya gidan, yana neman auren Auta. Saurayi ne mai tsafta da iya gaisuwa, da kansa yake kawo maganin Umma, ya zauna su yi hirar labaran duniya da Baba. Baba ya ce yaron yana da natsuwa. Auta takan kawo masa ruwa, ta amsa gaisuwa, ta koma ciki. Ba ta da abin da za ta ce ya yi mata. Sai dai in ta bi ta gaban ɗakin tela, takan tsallaka ɗaya gefen titin, kuma duk da haka idonta sai ya ɗaga sama.

Wata Asabar da hantsi mahaifiyar mai kantin maganin ta zo duba Umma. Mace ce mai fara'a da yawan zance. Auta tana ninke kaya a gefe.

"Ai ni tun kafin a kwantar da ke na sani," in ji baƙuwar. "Ɗana yana ganin takardar maganin ya ce mini, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Ni kuwa na ce ba za a bar ki ke kaɗai ba, na bi gida-gida na gaya wa mata su zo su gaishe ki. Zumunci ai ya fi haka."

Rigar da ke hannun Auta ta faɗi ƙasa. Umma ta yi godiya, ta sa aka raka baƙuwa har ƙofa, sannan ta ce, "Kira mini babanki."

Umma ta faɗa masa abin da baƙuwar ta ce, Baba ya saurara bai katse ta ba.

"Malam," in ji Umma, "yaron nan ya yi mana aiki kwana uku, mun saka masa da zargi. Ni ciwona ya warke. Wannan kuma kai za ka yi maganinsa."

Baba ya miƙe tsaye. Sai ya ce wa Auta ta ɗauko masa sandarsa.

Matakalar shagon ashirin da biyu ce, gwiwar Baba kuwa ba ta son ko uku. Auta na biye da shi, yana hawa yana hutawa. Da saurayin ya gan su ya miƙe da sauri har kujera ta kife, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi, ɗana. Ni ne na zo da laifi. Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Shekara talatin ina hana malamai yi wa yara haka, ga shi na yi. Ka yafe mini."

"Baba, babu komai. Ko ni ne a matsayinku, zan yi tunanin haka."

"Akwai komai. Amma na gode." Ya juya wajen ƙofa. "Zan sauka in zauna wurin tela, gwiwata ta huta. Ke kuma naki laifin daban ne, ki yi bayaninki da kanki."

Suka rage su biyu. Ta rasa inda za ta sa idonta.

"Na ga ka juya kujera da idona," in ji ta a hankali, "amma da aka tambaye ni, sai na kasa tsaya maka. Abin da ya fi damuna ke nan."

"Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu ban buɗe shago ba." Ya cire tabarau ya goge. "Amma uwarki ce a kwance. Na san ba da cikakken hankalinki kika rubuta ba."

"Ka haƙura?"

"Tun kafin ki hawo. Sai dai ina da roƙo. Nan gaba in rai ya ɓaci, ki zo ki faɗa mini a fuskata, Mai Gaggawa. Ina iya jure faɗanki, shirun ne ban iya ba."

Ta gyaɗa kai, tana murmushi tana share ido.

Mai kantin magani ya zo da kansa ya ba Umma haƙuri, ya ce bai zaci maganar za ta wuce ɗakin mahaifiyarsa ba. Daga nan ya janye. Bayan Auta ta gama jarrabawa, yayar saurayin ta zo da kawunansu biyu, aka sa rana.

An ɗaura auren wata safiya mai haske. Yaya ya zo hutu saboda shi, tela ne ya ɗinka kayan ango, yana ta gaya wa jama'a cewa shi ne ya haɗa auren. Umma, wadda ta mayar da jikinta, ita ta fi kowa kai da kawowa.

Da lokacin tafiya ya yi, aka kawo amarya da ango gaban iyaye. Baba ya yi gyaran murya kamar zai yi dogon jawabi, sai ya ce kawai, "In kun ji magana a kan junanku, ku tambayi juna tukuna. Ni sai da furfura na koya."

Umma ta kamo hannun Auta ta sa a cikin na mijinta, ta haɗa ta riƙe.

"Ita ce ƙaramata, ban taɓa kwana ba ta gidan ba. Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin. Auta ta tashi, ta bi bayan mijinta zuwa ƙofa, Umma kuma ta tsaya a bakin zaure tana ɗaga musu hannu har motar ta sha kwana.