Zanen Imrana

A duk faɗin Aliero babu mai karanta mutum da kallo ɗaya kamar Alhaji Dalhatu. Shi da kansa ya sha faɗin haka a rumfarsa ta albasa, kuma ba a taɓa musa masa ba, don yawancin masu sauraron yaransa ne.

Saboda haka da ya leƙa wayar 'yarsa Shafa'atu ya ga hoton Imrana, saurayinta ɗan Jega da ke karatu a ƙasar waje, bai ɓata lokaci ba.

"Mi nika gani? Namiji da zane! Gaban ɗakin gumaka!"

"Baba, yawon buɗe ido suka tafi wani tsibiri, kwana ma ba su yi ba..."

"Wallahi ba ni ba shi ɗiyata! Na rantse!"

Ta shige ɗaki, ta kira Imrana tana kuka.

"Masoyi, me ya kai ka ɗaura zane?"

"Haba 'yar lelena! Dokar wurin ce, ba mai shiga sai da shi. Direba ya raba mana, har Turawa. Sassaƙar dutse kawai na kalla na fito."

"Baba ya rantse, Imrana... Ni kuwa ba zan tsallake maganarsa ba. Ko da zuciyata za ta fashe."

Ya ce, "Ba zan ce ki tsallake ba. Bari dai in turo miki sauran hotunan, ko na tunawa ne."

Sai washegari ta iya buɗe su, mahaifiyarta Inna Yalwa na gefenta tana tsince shinkafa. Teku shuɗi, farin yashi, sunanta rubuce a kai. Sai na ƙarshe, wanda abokinsa ya ɗauka bai sani ba: jama'a na ta wanka, Imrana can gefe ya shimfiɗa zanen nan a yashi, goshinsa a ƙasa.

Inna ta karɓi wayar, ta ajiye kan tiren abincin Alhaji, kusa da yaji.

Ya daɗe yana kallo. Tuwo ya huce.

"Ai dama na faɗa," in ji shi. "Yaron ga, tun ran da nig ga goshinai na san mai sallah ne."

Shafa'atu ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, rantsuwar fa?"

"Wace rantsuwa?"

"Liman ya ce kaffararta a tufatar da miskinai goma, Alhaji," in ji Inna. "In ka yarda, a fitar."

"To, a fitar mana! Ku ce wa mutanen Jega su turo magabatansu."

Ya wanke hannu ya koma rumfa, don bai wa jama'a labarin yadda ya zaɓo suruki.

Shafa'atu ta ruga neman waya tana dariya tana kuka. Inna kuwa ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fara ware goma na kaffara daga atamfofin da ta tanada don bikin.