Hular Ɗan Yaya

Ranar da Yaya ta haihu, Auta ba ta iya cin abincin rana ba don murna. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga, ta dawo. Sai da Mama ta ce, "Ke Auta, ki zauna wuri ɗaya mana. Kin sa ni jiri."

Auta ita ce ƙarama a gidansu, shekararta goma. Yaya kuwa ita ce babba. Ita ta goyi Auta, ita ta koya mata ɗaura igiyar takalmi, ita take yi mata kitso kafin ta yi aure ta koma gidanta, layi biyu daga nasu. Yanzu ga Yaya da ɗa namiji, kuma saura kwana shida a yi taron suna.

Kowa a gidan ya san abin da zai ba jariri. Baba ya sa kafinta ya yi ɗan gado mai shinge. Mama ta ɗinka riguna uku da ƙaramin bargo. Auta kaɗai ce hannunta ba komai.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin da take ajiya a ciki. Ta juye shi a gaban Baba. Alawa biyu, fensir mai launi, da ƙwallon roba.

"Baba, wanne zan ba shi?"

Baba ya gyara tabarau, ya duba kayan kamar mai shirin saye.

"Mutumin da ba shi da haƙori ko ɗaya za ki ba alawa? Ai sai dai ki taya shi sha."

"To fensir fa?"

"Sai ya shiga makaranta. Ki ajiye masa shekara biyar."

Auta ta tura baki. Ita ba wasa take yi ba. So take ranar suna a ga wani abu a jikin jaririn, Yaya ta ce, "Wannan ƙanwata ce ta ba shi."

Washegari a makaranta suna da darasin aikin hannu. Tun farkon zango Malama take koya musu saƙa da kwarashi, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a kai. Auta ta iya, har ta fi 'yan ajinsu sauri. Tana cikin jan zare sai dabara ta faɗo mata. Hula! Ai jariri ba ya rabuwa da hula.

Da aka tashi, ta je wajen Malama ta gaya mata.

"Masha Allah, kin yi ɗa," in ji Malama. Ta jawo kwandon ragowar zare daga ƙarƙashin tebur. "Zaɓi wanda kike so."

Hannun Auta ya tafi kai tsaye kan wani ja mai ƙyalli.

"Goga shi a kumatunki tukuna," in ji Malama.

Auta ta goga. Ya soke ta kamar ƙaiƙayi. Ta ajiye shi. Ta ɗauki wani ruwan ƙwai marar ƙyalli, ta goga. Wannan laushi gare shi kamar auduga.

"Yawwa. Kayan jariri ba da ido kaɗai ake zaɓa ba. Saura abu ɗaya. Kafin ki soma, ki je ki auna kansa."

"To, Malama."

Ta ce to, amma a bakinta maganar ta tsaya. Auta yarinya ce mai kirki, sai dai tana da hali ɗaya: ba ta son tambaya. A ganinta, mai tambaya bai iya ba ne. Kuma idan ta je auna kan jariri, ai Yaya za ta gane, asiri ya tonu tun kafin ranar.

Da ta isa gida, ta ɗauko 'yar tsanarta daga kan akwati. Ta juya ta, ta dube ta da kyau. "Ai kusan girmansu ɗaya," ta ce a ranta. Ta zagaya zare a kan 'yar tsana, ta ƙulla, ta soma saƙa.

Kwana uku Auta tana fama. Tana dawowa daga makaranta sai ta shige bayan labule da kwarashinta. Ƙawarta ta zo kiranta wasan igiya, ta ce ba ta da lokaci. Yatsanta na tsakiya har ya yi ja.

Mama ta leƙo ta ce, "Me ake ƙullawa a nan ne ba a so mu gani?"

Auta ta tura saƙar ƙarƙashin matashi. "Ba komai, Mama."

"To, ba komai, ki gaida komai."

A makaranta Malama ta tambaye ta, "Kin auna kan?"

"Na auna, Malama," in ji Auta, idonta a ƙasa. Ta auna kai kam, amma ba ta faɗi kan wa ba. Ta yi sauri ta koma kujerarta.

A rana ta uku hula ta kammala. Gaskiya ta yi kyau. Bakinta a tsaye, layukanta a jere, ga ɗan tuntu a samanta. Ta zauna a kan 'yar tsana ɗaram. Auta ta yi ta kallonta har ta kasa haƙuri. Ta sa ta a aljihu, ta ce wa Mama za ta je gaida Yaya.

Gidan Yaya a hawa na biyu yake. Ɗakin yana ƙamshin hoda da man shafawa. Jariri yana kwance a tsakiyar gado, ya dunƙule hannuwa, yana barci.

"Auta, gara da kika zo," in ji Yaya. "Zauna kusa da shi in kwaso shanya. Kada ki ɗauke shi, kallo kawai."

Yaya tana fita, Auta ta zaro hular. Gwadawa kawai za ta yi, ta cire kafin a dawo. Ta ɗora ta a kan jaririn. Hula ta tsaya can sama, ta ƙi sauka. Ikon Allah! Ashe kan ɗan mutum ya fi na 'yar tsana nesa ba kusa ba.

Nan ya kamata Auta ta haƙura. Amma ta tuna kwana ukun da ta yi. Ta kama bakin hular da hannu biyu, ta buɗa, ta ja ƙasa da ƙarfi.

Jariri ya buɗe baki. Da farko ba a ji komai ba, fuskarsa ce kawai ta yi jawur. Sai kuma ya tsala ihu. Auta ta rikice. Ta nemi cire hular, hular ta kama kunne.

Yaya ta shigo a guje, kayan shanya suka zube a bakin ƙofa. Ta zare hular a hankali, ta rungume ɗanta. Ga wani jan layi ya fito a goshinsa, inda bakin hular ya matse.

"Me kika yi masa?" in ji Yaya. "Ba ki san kan jariri ba ya son matsi ba? Ba na ce kallo kawai ba?"

"Yaya, kyauta ce na..."

"Tashi ki tafi gida. Kada ki ƙara taɓa min shi."

Tunda Auta take, Yaya ba ta taɓa yi mata magana haka ba. Ta tsinci hular a ƙasa, ta sauka daga benen, ba ta ko ganin matakala sosai don hawaye.

A gida ta faɗa jikin Mama. Ta faɗi komai, har da 'yar tsana, har da amsar da ta ba Malama. Mama ba ta katse ta ba. Da ta gama, Mama ta kira Yaya a waya. Suka ɗan yi magana, ta ajiye.

"Ya yi shiru, yana shan nono. Layin ma ya soma bajewa. Allah ya kiyaye."

Auta ta ja numfashi. "Yaya ta daina sona ko?"

"Tsoro ta ji. Uwa in ta tsorata, bakinta zafi yake yi. Amma ke ma kin yi laifi." Mama ta kama hannun Auta ta ɗora a tsakiyar kanta. "Nan wurin, a kan jariri, ana ce masa maɗiga. Ƙashin bai gama haɗewa ba, laushi gare shi. Shi ya sa ake lallaɓa kansu. Da kin tambaya, da an gaya miki."

"So nake in ba ta mamaki."

"Kin kuwa ba ta," in ji Mama.

Auta ta so yin dariya, kuka ya hana ta. Mama ta karɓi hular, ta sa yatsu uku a ciki, ta juya.

"Hannunki yana da kyau. Amma wannan ta 'yar tsana ce. Ko dai ki bar mata, ko ki warware ki sake. Saura kwana uku."

"In warware? Duka?"

"Duka. Kuma kafin nan, sai kin je kin karɓo awo a wajen mai ɗa."

Wannan ya fi warwarar wuya. Amma washegari, bayan ta gaya wa Malama gaskiya a makaranta, Auta ta hau benen nan. Ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Yaya, ki yi haƙuri. Na yi kuskure. Ba zan taɓa shi ba. Awon kansa kawai nake so, in kin yarda."

Ta miƙa guntun zare. Yaya ta dube ta, ta dubi zaren. Ba ta yi murmushi ba, amma ta karɓa. Ta zagaya shi a kan jaririn a hankali, ta bayan kunnuwa, ta ƙulla alama.

"Ki ƙara faɗin yatsa biyu a kan wannan," in ji ta. "Kullum girma yake yi. Kayan jariri ba a yi musu cif-cif."

"To, Yaya. Na gode."

Da ta koma gida, Auta ta cire tuntun, ta kwance ƙullin ƙarshe, ta ja zaren. Abin da ta yi kwana uku tana saƙawa ya warware kafin ruwan shayin Baba ya tafasa. Zaren ya taru a cinyarta duk ya nannaɗe. Ta ji zafi sosai, amma ba ta yi kuka ba. Baba ya miƙa hannuwansa biyu, ta naɗe zaren a kansu.

"Yau na samu sabon aiki," in ji Baba. "Ko za a ba ni hula ni ma?"

"Sai na auna kanka," in ji Auta.

Wannan karon ba a bayan labule ta zauna ba. A tsakar ɗaki ta yi aikin, kusa da keken ɗinkin Mama. In ta yi zagaye biyu sai ta ɗora zaren awo, ta ce, "Mama, duba min." Sau biyu Mama ta ce ta matse hannu da yawa, sau biyu ta koma baya. Ba ta samu lokacin yin tuntu ba. Gefe ɗaya ma ya ɗan fi ɗaya tsawo.

Ranar suna gidan Yaya ya cika. Takalma sun taru a bakin ƙofa, kyaututtuka sun taru a kan tebur, wasu a cikin kwalaye masu sheƙi. Auta ta dubi 'yar hularta, ta ji kunya. Ta lallaɓa ta ajiye ta a ƙarshen tebur, ta koma lungu ta tsaya. Daga can take hango jaririn. Ba ta matsa kusa ba, tunda ba a ce ta matso ba.

Can sai ta ji muryar Yaya. "Ina Auta?"

"Ga ni, Yaya."

"Ina saƙon namu? Tun safe kansa a buɗe yake, ke muke jira."

Auta ta ɗauko hular ta miƙa daga nesa. Yaya ba ta karɓa ba.

"Zauna nan. Miƙe ƙafafunki. Tanƙwara hannun nan."

Auta ta zauna. Yaya ta sunkuya ta ɗora mata jaririn a cinya, ta gyara kansa a kan hannunta. Ɗumi gare shi, ga nauyi kaɗan. Auta ta kasa ko motsi.

"Ke za ki sa masa da hannunki," in ji Yaya. "Fara daga goshi, ki bi da ita baya."

Auta ta sunkuya. Ta ɗora hular a goshinsa, ta bi da ita baya sannu a hankali. Hula ta sauka da kanta, ta rufe kunnuwa, har da sauran wuri. Jaririn ya yi hamma, ya murza fuska, ya ci gaba da barcinsa.

Wata baƙuwa ta leƙo ta ce, "Kai, wannan hula da laushi take. A wane shago aka samo?"

"Ba ta shago ba ce," in ji Yaya. "Innarsa ce ta saƙa masa. Sau biyu ma ta saƙa ta."

Auta ta waiga tana neman wace ce innar. Sai ta ga kowa ita yake kallo. Hawaye suka cika mata ido, amma ba ta da hannun sharewa, duka biyun suna riƙe da ɗanta. Yaya ce ta share mata da gefen mayafinta.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa kyauta don mai karɓa ake yin ta, ba don a yabi mai bayarwa ba. Ta kuma gane cewa tambaya ba ta rage kowa. Matambayi ba ya ɓata.