Ragon Auren Afiniki

"Na ce ba zai yanka ba! Ragon aurena ne, Afiniki, da hannuna zan yanka abina!"

Afiniki ta ajiye tsintsiyar da take sharar ƙofar majami'a, ta dubi Irmiya. Tun daga ƙauyensu Babban Duhu ya taso a babur, amma ko ruwan da ta ba shi bai taɓa ba.

"Rage murya, masoyina. A ƙofar ɗakin Ubangiji muke."

"A gabansa ɗin nake faɗa!"

"Baba Sahabi ne ya kashe maka Sila?"

Ya kau da kai. Sila ƙanensa ne, wanda 'yan bindiga suka harbe a gona bara da damina.

"Ban ce shi ne ba... Amma ina kwance cikin gero ina jin su, Afiniki. Da kabbara suka shigo gonar. Shi ma da kabbara zai ɗora wuƙa. Ranar farin cikina kike so in sake jin ta?"

"Shi ma fa an kashe masa ɗa, Irmiya..."

"Kowa ya yi kukan gawarsa!"

Ya buga babur ya tafi, ya bar ta da tsintsiya da hawaye.

Al'ada ce a gidan mahaifinta, Malam Habila, can bayan Karare inda 'yan gidajen Kirista suke. Akuyar Kirsimeti ce, ko ta suna, ko ta godiyar kaka, ba mai yanka ta sai maƙwabcinsu Malam Sahabi mahauci, domin Musulmin unguwa su ci ba tare da shakka ba. Shi ne ma ya yanka ragon sunan Afiniki.

Ta iske mahaifin nata a gindin rumbu yana ɗaure ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta faɗa masa komai.

Ya ajiye fartanyar.

"Ɗiyata, kin san ban yi karatu mai nisa ba. Ban iya wa'azi ba. Kwanon nan da nake miƙawa ta kan danga, shi ne iyakar wa'azina. In na dafa naman da maƙwabcina ba zai iya ci ba, da me zan nuna masa Yesun da nake bi?"

"Baba, in ya ƙi fa?"

"Sai a ɗaga auren."

"Baba!"

"Ba don rago ba, Afiniki. Yaron yana da kirki, ina ƙaunarsa. Amma garwashi yake ɗauke da shi a ƙirji, kuma ke za ki kwana kusa da shi. Tsoro nake ji... Wallahi tsoro nake ji."

 Ranar ko loma mahaifin bai kai baki ba, ita ma haka. Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta rasa abin da za ta roƙa. In ta ce a tausasa zuciyar Baba, ta san gaskiyarsa. In ta ce a cire mata Irmiya daga rai, ta san ƙarya take yi. Sai kawai ta ce, "Ya Ubangiji, duka biyun naka ne."

Ranar Lahadi Irmiya ya zo sujada, ya zauna can baya, bai buɗe baki a waƙa ba. Da aka tashi ta tare shi da kwanon tuwo a hannu.

"Riƙe mini wannan."

"Ina za mu?"

"Inda nake zuwa duk Lahadi. Ba sai ka shiga ba, ka tsaya a zaure."

Ya gane gidan da take nufi. Ya dubi idanunta da suka kumbura, ya karɓi kwanon.

A zaure suka tarar da Malam Sahabi zaune kan buzu, da dutsen washi a gabansa, yana goga wata doguwar wuƙa da tsatsa ta ci. Tun da aka tare ɗansa Nazifi a hanyar dawowa daga kasuwar Batsari, ya bar fawa. Ko kaza aka yanka a gabansa sai ya tashi.

"A'a! Afiniki, wannan ne ɓarawon da zai raba mu da ke?"

Irmiya ya durƙusa dole.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, ɗana. Ya mutanen Babban Duhu? Ya ƙarin haƙuri?"

Daga cikin gida matarsa, Inna Hansai, ta ɗaga murya:

"Gara da kuka zo! Kullum yana kan wuƙar nan, sai ka ce giwa za a yanka!"

"Ke dai karɓi tuwonki ki bar ni da aikina."

Afiniki ta shige, amma ta tsaya bayan zana.

Ba ta jin komai sai ƙarar wuƙa a kan dutse. Can ta ji muryar Irmiya.

"Baba, ka gafarce ni... Ba na son ka yanka."

Ƙarar ta tsaya.

"Saboda me, ɗana?"

"Ba zan iya jin kabbara ba. Da ita suka kashe ƙanena."

Afiniki ta dafe bakinta.

"Wanda ya tsira a motar su Nazifi ya ce da ita suka tare su," in ji tsohon a hankali. "Na yi watanni in liman ya tayar da sallah sai gwiwata ta saki. Ni da aka raɗa mini ita a kunne ranar da aka haife ni! Ba shanu kaɗai suka sace mana ba, ɗana. Har sunan Allah suka ɗauka suka shiga daji da shi."

Ya ɗaga hannunsa na dama. Rawa yake yi kamar ganye.

"Dubi. Na yi niyyar ba zan ƙara zubar da jini ba. Amma Habila ya zo ya ce auren Afiniki ne. Yarinyar da ba ta taɓa fashin kawo wa uwar Nazifi tuwo ba! In ka ce a bari, na bari, ragonka ne. In kuma ka yarda... da can Nazifi ne ke riƙe mini ƙafafu. Yanzu ba ni da mai riƙewa."

Irmiya ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Tsohon ya ajiye wuƙar, ya dafa shi.

Daga baya Irmiya ya raka Afiniki gida, ya wuce Babban Duhu.

Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, aka jawo ragon bayan gida. Afiniki ta leƙo ta ramin danga, ƙafafunta ɗaure da lalle. Malam Habila na tsaye yana ta duban hanya. Malam Sahabi na riƙe da wuƙa, shi kaɗai.

Sai ga ƙarar babur.

Irmiya ya sauko cikin tsohuwar rigar gona. Ya gaida surukinsa, ya kayar da ragon, ya durƙusa ya tattara ƙafafun a hannunsa.

"Na riƙe, Baba."

Tsohon ya yi bisimilla, ya yi kabbara a hankali, kamar mai lallashin jariri. Jikin Irmiya ya ɗauki rawa, idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi da tasa addu'ar. Amma bai saki ba.

Da aka gama, ba wanda ya iya miƙewa tsakanin shi da tsohon. Suka zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa suna kuka, kowa na kiran sunan mamacinsa.

Malam Habila ya share ido da bakin riga, ya juyo wajen danga.

"Afiniki, na san kina nan. Ce wa mata su ɗora babbar tukunya. Yau unguwa duka za ta ci!"